Ranar Da Babur Ya Ƙi Tashi A Makola

Ina so in ba da labarin wani abu da ya same ni a Kasuwar Makola ta birnin Accra, wanda mu 'yan Zango muke kira Ankara, a cikin watan Yuni na shekarar 2019. Na daɗe ina jin nauyin faɗarsa, domin laifin da ke ciki nawa ne. Amma da na ga yadda babur ya shiga kusan kowane gida a Nima da Mamobi, ƙannenmu suna neman abinci da shi, iyaye kuma suna ɗora musu aike mai nauyi a kansa, sai na ga ɓoye labarin ba shi da wani amfani.

Mahaifina limami ne a wani ƙaramin masallaci da ke cikin lungu, kusa da babban kwalbatin da ya ratsa tsakanin Nima da Mamobi. A zaurensa na yi karatun allo, na karanta Ahalari da Ishimawi, kafin in je sakandare. Da na gama ban sami aikin ofis ba, sai na shiga adashi har na sayi babur a 2016, irin ƙananan nan masu lamba 125, wanda 'yan'uwanmu na Nijar da Togo suke kira moto. Da shi nake kai wa masu shaguna kaya, da shi na yi aure, da shi nake biyan kuɗin haya. Kuma duk wanda ya san unguwa ya san ɗan liman mai babur ɗan aiken kowa ne: katin ɗaurin aure, maganin tsohuwa, saƙon ta'aziyya, duk a kansa suke biyowa.

A daren wata Litinin, kimanin mako biyu bayan ƙaramar Salla, Allah Ya yi wa wani dattijo rasuwa a unguwarmu. Mutumin Dogon Dutsi ne ta ƙasar Nijar, ya zo Gana tun yana saurayi, ya yi gadi a gidaje daban-daban har ƙarfinsa ya ƙare. Ba shi da mata, ba shi da ɗa a nan. Abin da muka san shi da shi, shi ne yake riga kowa zuwa sallar Asuba, ya share masallaci, ya cika butoci. Da gari ya waye Baba ya tara dattawa, aka raba aiki: wasu su nemo takardar izinin binnewa, wasu su je maƙabartar Awudome a kan maganar kabari, wasu su nemo mota. Aka sa sallar jana'iza bayan Azahar. Sa'an nan Baba ya buɗe akwatin da muke ajiye likkafani a ɗakin masallaci, ya tarar babu ko ƙyalle. Ya juyo ya dube ni, bai ce komai ba.

Ya san dalili, ni ma na sani. Tun cikin azumi ya ce mini in je Makola in karɓo sabon bandir, domin na ƙarshe ya ƙare. Na ce gobe. Goben ta zama jibi, Salla ta zo da hidimarta, maganar ta fita daga kaina.

Mai karatu zai ce, to ba a sayar da farin yadi a kasuwar Nima ne? Ana sayarwa. Amma ɗan abin da ke asusun masallaci ya riga ya tafi ga kabari da mota, kuma muna da wata Hajiya mai sayar da yadi a Makola wadda ta ɗaukar wa kanta likkafanin duk baƙon da ya rasu a unguwarmu ba shi da kowa. Alkawarin yana da asali. Kasuwar Makola an gina ta tun 1924, kuma a ranar 18 ga watan Agusta na 1979, zamanin mulkin soja na farko na Jerry Rawlings, aka rushe ta bisa zargin 'yan kasuwa da ɓoye kaya da tsauwala farashi. Mahaifiyar Hajiya tana cikin matan da suka wayi gari ba rumfa ba jari. Mutanen Zango ne suka tara mata abin da ta sake kafa sana'a, ita kuwa ta bar wa 'yarta wasiyya kada a bari baƙo ya rasa sutura ta ƙarshe. Saboda haka na ce wa Baba, "Baba, a ba ni awa ɗaya, yanzu zan dawo da shi." Ya ce, "Tela yana jira. Allah Ya kiyaye hanya."

Na bar Nima wajen ƙarfe 9:30, gari ya haɗa hadari. Tafiyar ba ta kai kilomita 10 ba, sai dai cunkoson motoci yakan mai da ita doguwa. Ina kan titin Kojo Thompson, na wuce Adabraka, babur ya fara shiƙa kamar mai jin ƙishi. Na san mai ne ya yi ƙasa, domin ɗabi'ata ce in zuba na sidi kaɗan, wanda zai kai ni ya dawo da ni. Na sa hannu na murɗa famfon mai zuwa wajen ajiya, wato rizab, ya farfaɗo, muka ci gaba. Daf da kasuwa ya yi tari sau biyu, ban kula ba. Na ajiye shi a gefen filin ajiye motoci da ake kira Rawlings Park, inda tsohuwar kasuwar take kafin a rushe ta, na kutsa cikin mutane.

Hajiya ta yi salati, ta yi wa mamacin addu'a, ta sa yaronta ya sauko da bandir na farin alawayyo, aka naɗe shi cikin leda. Muna cikin haka ruwa ya kece, irin na Yuni wanda yake mai da lungunan Makola rafuka cikin minti goma. Na fake a rumfarta kusan rabin awa. Da ya tsagaita na ɗauki kaya a ka, na bi sahun 'yan matan nan masu dako da ake kira kayaye, na iso wurin babur ƙarfe 11:00. Na ɗaure bandir a baya, na sa makulli, na danna sitata. Injin ya juya, bai kama ba. Na sake. Na koma kik, na buga sau ɗaya, sau biyar, sau ashirin. Na ja cok, na murɗa totur har ƙarshe, na ci gaba da bugawa kamar wanda yake faɗa da shi. Wani lokaci ya yi "fut-fut" ya ba ni rai, sa'an nan ya yi shiru.

Waya ta yi ƙara a aljihuna. Na duba, Baba ne. Ban ɗauka ba. Na ce wa raina bari ya tashi tukuna, sai in kira in ce ga ni a hanya. Ta sake ƙara, na sake ƙyalewa. Wannan shi ne wurin da ya fi ci mini rai a duk labarin, kuma shi ya sa na daɗe ban ba da shi ba.

Kafin wani lokaci mutane sun taru, kowa da fatawarsa. Wani ya ce batir ne. Wani ya ce kwil ya ƙone, sai an je Abossey Okai, kasuwar kayan gyara. Wani saurayi ya ce ai injin ne ya buga, in shirya kuɗi mai yawa. Wasu samari biyu suka tura ni a giya ta biyu har muka kusa faɗa wa teburin mai tumatir. Akwai ma wanda ya matso ya raɗa mini cewa irin wannan ba banza ba, in bincika ko wani ya sa mini hannu. Ni da na tashi a zauren malami, na rantse a wannan lokaci sai da zancen ya ɗan zauna mini, domin ya fi mini daɗi a ce wani ne ya jawo, ba ni ba. Zufa ta haɗu da ruwan sama a jikina, agogo ya nuna 11:40.

Sai ga wani dattijo da ƙaramin akwatin ƙarfe a hannu, ya sa tsohuwar rigar ruwa. Ashe wata mai gasa masara da ke gefe ce ta aika aka kira shi daga wajen tashar Tudu, inda motocin Aflawo da Lome suke lodi. Bakanike ne, irin waɗanda a Gana muke ce wa fita. Daga baya na ji Bakotokole ne daga Sokode ta ƙasar Togo, ya koyi aiki a Suame Magazine ta Kumasi, yanzu tsufa ya sa ya rage aiki. Ya yi sallama da Hausa, na amsa. Bai dubi injin ba. Ledar da ke ɗaure a baya ya duba, inda farin yadi ya leƙo.

Ya ce, "Yarona, wannan farin na mene ne?"

Na ce, "Likkafani ne, Baba."

Ya ce, "Na ajiya, ko akwai mai jiransa?"

Na ce, "Akwai mai jiransa. Bayan Azahar za a yi salla, a Nima."

Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "To tun yaushe kake nan?" Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce, "Gawa tana jiran yadi, ba ta jiran moto. Kwance shi."

Ya ɗaga hannu ya kira wani yaro mai okada da ya sani, ɗan Mamobi. A lokacin dokar hanya ta 2012 ta hana ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, amma 'yan okada suna kowace kusurwa ta Makola. Aka ɗaure masa bandir, na kwatanta masa masallaci. Dattijon ya ce, "Yanzu kira wanda ya aiko ka." Na kira Baba, murya tana rawa, na faɗa masa gaskiya. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da ka faɗa tun ɗazu, da mun san abin yi. Allah Ya kawo shi lafiya." Minti arba'in na yi ina fama da ƙarfe, alhali abin da aka aiko ni dominsa bai buƙaci fiye da minti biyu ba a sa shi a hanya.

Da okada ya ɓace cikin motoci, dattijon ya ajiye akwatinsa ya ce, "Yanzu hankalinka ya dawo, sai mu tambayi moto abin da ke damunsa. Abu huɗu yake ci: mai, wuta, iska, da matsi. In ya ƙi tashi, ɗaya ne daga cikinsu ya yanke. Kuma ana fara tambaya daga abin da ba ya cin kuɗi." Zan kawo yadda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, domin tun daga ranar ban sake biyan kowa kuɗi a kan babur da ya ƙi tashi ba sai sau ɗaya.

Da farko ya duba abin da yaro ma zai iya dubawa. Makulli yana buɗe? Jan maɓallin nan na hannun dama, wanda yake kashe inji, ba a taɓa shi ba? Ya ce a kasuwa irin wannan, inda mai kaya a ka yake gogar babur yana wucewa, sau da yawa wannan maɓalli ne kawai, mutum ya yi ta bugun kik har ƙafarsa ta kumbura. Giya tana firi? Ya danna hon, ya yi ƙara sosai, ya kunna fitila ta haska. Ya ce, "Batir lafiya lau. Wanda ya ce maka batir ne bai ji yadda sitata take juya injin ba. Kuma ko batir ya mutu, yawancin irin waɗannan ƙanana suna tashi da kik."

Sa'an nan ya koma ga wuta. Ya zare hular fulogi, ya duba cikinta ko ruwan sama ya shiga, ya busa, ya goge da tsumma. Ya sa sifana ya kwance fulogin, wanda shi yake kira buji kamar yadda masu Faransanci suke faɗa. Ya nuna mini bakinsa: jiƙe sharkaf, baƙi ƙirin. Ya ce bakin buji wasiƙa ce daga cikin inji. In ya yi ruwan ƙasa kamar shayi da madara, inji yana cin abincinsa daidai. In ya yi baƙi da toka busasshiya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In baƙin mai maiƙo ne, baƙin mai yana haurowa, ringi ya fara gajiya. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, inji yana zafi fiye da kima. In kuwa a jiƙe yake, to mai yana zuwa amma bai ƙone ba. Ya ce, "Rabin wannan jiƙa aikinka ne. Kowane kik da ka buga da cok a ja, ƙara masa kake yi. Moto in ya ƙi tashi sau biyar, na shida ba zai canja masa ra'ayi ba."

Ya goge fulogin, ya ɗan kankare bakinsa da samfefa, ya duba tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyun, wadda a irin wannan inji ba ta kai milimita ɗaya ba. Ya mai da shi cikin hularsa, ya jingina jikinsa da ƙarfen inji nesa da ramin da ya fito, ya gargaɗe ni kada in riƙe da hannu, ya ce in buga kik. Wuta shuɗiya ta yi tsalle, tas-tas. Ya ce, "Ka gani? Kwil ɗinka lafiya. Ka tsira da kuɗin Abossey Okai."

Kafin ya mai da fulogi ya toshe ramin da babban yatsansa, ya ce in sake bugawa a hankali. Iska ta ture yatsan da ƙarfi har ta yi tsaki. Ya ce matsi yana nan, fistin da ringi da bawul suna aikinsu, wanda ya ce inji ya buga ya yi gaggawa. Ya buɗe akwatin gefe ya ciro soson da ke tace iska. Ya yi datti, amma ruwa bai shiga ba. Ya kaɗe shi ya ce wannan zai sa moto ya sha mai da yawa, amma ba shi ya hana shi tashi yau ba.

Saura mai. Na ce, "Baba, ai akwai mai, na sa shi a rizab." Ya ɗago kai da sauri ya ce, "Yaushe ka sa shi a rizab?" Na ce a hanya, wajen Adabraka. Ya ce, "Bayan nan ya yi tari?" Na ce sau biyu. Ya yi murmushi irin na wanda ya gano ɓarawo. Ya buɗe murfin tanki, ya juya shi, ya nuna mini. Robar da ke zagaye da murfin ta tsage, rabinta ma babu. Na san da haka. Wata uku ke nan ina ganin mai yana ɗan tsatsowa a saman tanki in na faɗa rami, ina cewa zan saya in na bi ta Abossey Okai.

Kafin ya taɓa komai ya ce mu tura babur nesa da mai gasa masara da gawayinta. Na ce ai ɗan kaɗan za mu zubar. Ya dube ni ya ce, "Kai ba a garin nan kake ba ran 3 ga Yuni?" Ba wanda ya zauna a Ankara zai manta da daren nan na 2015, lokacin da ambaliya ta kwashi mai daga wani gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah, wuta ta bi ta kan ruwa, mutum fiye da 150 suka rasu, yawancinsu masu fakewa ne daga ruwan sama. Na yi shiru na tura.

Ya yanke gorar ruwa ta roba, ya tara a ƙarƙashin kabureta, ya sa sukundireba ya sassauta ɗan sukurun da ke gindinta. Abin da ya zubo ya ɗaga shi sama ya nuna mini a haske. Mai yana sama, a ƙasa kuwa ga ruwa kwance, ya rabu da shi sarai, da ɗan jan tsatsa a ciki. Ya yi mini bayani. Ruwa ya fi fetur nauyi, kuma ba sa gauraya, saboda haka duk ɗigon da ya shiga ta murfi, na sama ko na wanki, gangarawa yake ya kwanta a gindin tanki. Famfon mai yana da baki biyu a cikin tanki, dogo da gajere. Muddin kana kan dogon, daga sama kake sha, ruwa yana kwance ba ya damunka. Ranar da ka murɗa rizab, ka koma gajeren, wanda yake sha daga gindi, sai ruwan wata da watanni ya gangara cikin kabureta. Can ma gindi yake nema, daidai inda ƙananan ramukan da ke ɗebe mai suke tsotsa. Ruwan da aka yi ina rumfar Hajiya ya ƙara nasa a kai. Ya ce, "Ba yau ya lalace ba, yarona. Yau ce dai ranar da ya faɗa maka."

Ya zare tiyo daga famfo ya juye duk abin da ke tanki cikin galan, muka bar shi ya kwanta. Ya tsiyaye na sama ta cikin tsumma mai tsabta ya mayar, na gindi ya ajiye a gora ya ce zai wanke ƙarafa da shi, bai zuba a kwata ba. Ya bar mai mai kyau ya bi ta kabureta ya fita kaɗan, sa'an nan ya ɗaure sukurun. Ya sa na buga kik sau da yawa ba fulogi, makulli a kashe, don silinda ta bushe. Ya mai da fulogi, ya ɗaure da hannu tukuna kafin sifana, kada ya ci zaren. Ya ce, "Kada ka taɓa totur. Bismillah." A bugu na biyu babur ya tashi, ya yi tari, ya fitar da farin hayaƙi, ya daidaita. Ya yanko leda ya naɗa a bakin murfin ya ce wannan na yau ne kaɗai, in wuce gidan mai in cika tanki.

Na tambaye shi nawa zan biya. Ya ce, "Aikin gawa ne, ba na karɓa. Amma ka saya wa moto murfi kafin ka sayi abincin dare." Na matsa masa, ya ƙi. Da ƙyar ya yarda na biya wa mai masara kuɗin guda biyu, ya ɗauki ɗaya ya ba ni ɗaya.

Lokacin ƙarfe ɗaya ta wuce. Na kira gida aka ce yadi ya iso, tela ya yanka, amma an ɗan jinkirta salla saboda shi, kuma kafin in ratsa cunkoso in kai Nima an idar. Sai na yi Azahar a wani masallaci a Tudu, na wuce Awudome kai tsaye. Na riga su isa. Na tsaya a bakin ƙofa, hannuna duk baƙin mai, har motar ta iso. Mutumin da ya shekara yana cika mini buta, ban sami sallarsa ba. Baba ya sauko, ya dubi hannuna, ya ce wa wani yaro ya zuba mini ruwa. Da na wanke ya ce, "Shiga ka karɓe shi." Na shiga kabarin tare da mutum biyu, muka karɓi dattijon cikin farin yadin Hajiya, muka kwantar da shi.

Baba bai tayar da maganar ba sai bayan Isha'i, muna zaune a zaure mu biyu. Ya ce, "Me ya sami babur ɗin?" Na ce ruwa ne a tanki. Ya ce, "Ta ina ya shiga?" Na ce ta murfi, robar ta tsage. Ya ce, "Ka san da ita?" Na ce na sani. Ya ce, "Kamar yadda ka san akwatin likkafani ba komai." Na sunkuyar da kai. Ya daɗe bai yi magana ba, sa'an nan ya ce abin da ya fi damunsa shi ne wayar da ban ɗauka ba, domin dattawa suna tambayarsa ina yadi, shi kuwa ba shi da amsa, kuma zuciyarsa ta tafi ga ko mota ce ta buge ni. Sai a lokacin na tuna cewa ni ma ɗa ne, a kan babur, cikin ruwa, a titin Ankara. Na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, ya sa ni na yi alkawari zan koma in gai da bakaniken nan.

Washegari na je Abossey Okai na sayi murfi. Kuɗinsa bai kai na man da nake sha a kwana biyu ba. Na koma Tudu da goro da ɗan turare, na sami dattijon a gindin wata rumfa yana gyaran janareto. Na riƙa zuwa wurinsa lokaci-lokaci har shekarar 2021, da aka ce mini ya koma Sokode wurin 'ya'yansa.

Abin da na riƙe daga wannan rana, wanda nake faɗa wa ƙannena duk wanda ya sayi babur, ga shi a taƙaice. In ya ƙi tashi, ka fara tambayar kanka me ka ɗauko, wa yake jiranka. In abin ba ya jira, ka sa shi a hannun wani, ka kira ka faɗi gaskiya, kunyar minti ɗaya ce. Bayan haka ka daina bugun kik, ka bi abubuwa a jere: makulli da jan maɓalli, hon da fitila, fulogi da wutarsa, soson iska, matsi, da man da ke gindin kabureta. Ka ajiye sifanar fulogi da sukundireba da sabon fulogi ɗaya a ƙarƙashin kujera. Kada ka saba da tafiya da tanki a bushe, kada ka bar rizab sai ranar wahala, ka riƙa murɗa shi jefi-jefi kana kusa da gida, ka kuma zubar da na gindin kabureta a farkon damina. Ku kuma iyaye mata, in kun ga ɗanku yana ɗaure wani abu a babur da leda ko igiya yana cewa gobe, ku tambaye shi goben yaushe.

Akwatin likkafani yanzu a hannuna yake. Ina buɗe shi ranar Juma'ar farko ta kowane wata, in ya rage na mutum biyu sai in nufi Makola. Hajiya ta tsufa, 'yarta ce a rumfar, alkawarin kuwa yana nan. Allah Ya jiƙan dattijon Dogon Dutsi, Ya saka wa Hajiya da mahaifiyarta da alheri, Ya ba bakaniken Sokode lafiya in yana raye, Ya yi masa rahama in ya riga mu. Allah Ya tsare 'ya'yanmu a kan hanya.